Kafin ki rubuta masa prednisolone

Uwata,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ya aiki, ya zafin Abuja? Mu nan Jos sanyi ya sauko sosai, har mahaifiyarki ta fito da kaskon wuta.

Tun da muka yi waya daren Talata maganar mutumin nan mai kuturta da kike dubawa ba ta bar raina ba, kuma waya ba ta barin tsoho ya kai ƙarshen zance, shi ya sa na ɗauki biro. Ke ce likita. Ni tsohon ma'aikacin kuturta ne, kwas ɗin da na yi a Saye ta Zariya ma ya girme ki. Duk da haka ki ba ni aron kunnenki.

Kin ce watansa biyar da fara shan magani, sai ga zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, da ƙulluttai masu zafi a hannu da cinya da fuska. Wannan riyakshan ne, nau'i na biyu da ake kira ENL. Masu ciwon kuwa cewa suke yi ciwo ya tashi. A nau'i na farko tsofaffin tabo ne ke kumbura, jijiya ta yi kauri tana zogi. Kada ki tsaya neman jan da kike gani a hoton littafi, a fatarmu ba ya fitowa haka. Sa hannu za ki yi, ki ji ɗumin wurin. Danginsa za su ce maganin asibiti ne ya tayar da ciwon, wasu su ce sammu. Ki zaunar da su ki yi musu bayani cewa garkuwar jikinsa ce ke faɗa da ragowar ƙwayoyin cutar. Ba a tsayar da maganin kuturta don riyakshan, sai ya cika watanninsa 12.

Ki laluba jijiyar bayan gwiwar hannu, da ta gefen gwiwar ƙafa, da ta bayan idon sawu. Ki sa shi ya runtse ido, ya ware ƙaramin yatsa, ya ɗaga ƙafa sama. Ya rufe ido ki taɓa tafin hannu da na ƙafa da bakin biro. Raunin da bai wuce wata 6 ba ana sa ran ya dawo, wanda ya daɗe kuwa sai dai a kare abin da ya rage. Ki duba ko idonsa ya yi ja yana gudun haske. Akwai kuma kumburin maraina, wanda dattijo ba zai taɓa faɗa wa mace sa'ar 'yarsa ba. Ki tura nas namiji ya tambaye shi.

Na san inda hannunki zai nufa: prednisolone, maganin kwantar da kumburi, miligiram 40 kullum da safe, ana ragewa sannu a hankali. Daidai ne, shi ke ceton yatsu. A nan nake so ki ɗan dakata.

Akwai wani manomi da na riƙe shekarun baya, yana lambu a bakin ɗaya daga kududdufan da haƙar kuza ta bari. Ba ya sa takalmi in yana ban ruwa. Riyakshan ya kama shi, muka ɗora shi kan prednisolone, cikin kwana goma hannu ya saki, ya kawo mini kwandon tumatir don murna. Bayan 'yan makonni sai gudawa, ciki ya kumbura, sai tari da haki. Muka ce tarin fuka ne, awon majina ya ce babu. Aka ba shi maganin taifot. Ranar da wani mai awo ya ga tsutsotsi suna motsi a majinarsa ƙarƙashin madubi, jikinsa ya riga ya yi nisa. Bai kwana uku ba. Garin neman gira muka rasa ido, kuma ni ne na miƙa masa ƙwayoyin nan da hannuna.

Sunan tsutsar Strongyloides. Ta fata take shiga, galibi ta ƙafa, daga ƙasar da aka yi bayan gida a kai. Abin da ya raba ta da macijin ciki shi ne 'ya'yanta na iya sake huda hanji su koma jikin mai ita ba tare da sun fita waje ba, don haka sai ta yi shekara ashirin ko fiye a cikin mutum yana harkokinsa, in ya yi yawa ɗan ƙaiƙayi ko ciwon ciki jefi-jefi. Garkuwar jiki ce ke taka mata burki. Da prednisolone ya kwantar da garkuwar, sai ta hayayyafa ba iyaka, ta bi jini zuwa huhu, ta kwaso ƙwayoyin cutar hanji ta zuba su a jini, har su haddasa sanƙarau.

Ki aika bayan gidansa awo, amma in takarda ta dawo babu komai kada ki saki jiki. Awo ɗaya yakan kuskure ta. Ƙwayoyin jinin nan eosinofil da kuke dogara da su ma sukan faɗi da zarar an fara prednisolone. Ni dai tun bayan manomin nan ban sake jiran takarda ba. Mutum daga ƙauye yake, yana noma ba takalmi? A ba shi maganin tsutsa tare da ƙwayar farko. A lokacinmu albendazole muke da shi, miligiram 400 safe da yamma kwana uku. Ivermectin ya fi shi aiki a kan wannan tsutsar, maikirogiram 200 a kowane kilo, kuma ba baƙo ba ne: shi ne Mectizan da aka yi shekaru ana rabawa a ƙauyukan Filato da Nasarawa. Sai dai ki tambaye shi ko ya taɓa zama a dazukan Kudu, ko ya taɓa ganin tsutsa tana ratsa idonsa, domin mai tsutsar Loa loa da yawa a jini ivermectin kan taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ga mai ciki kuma sai ki yi shawara da manyanki.

Suga, hawan jini, tarin fuka da gyambon ciki kin fi ni sanin a duba su.

ENL yana da naci, yakan tafi ya dawo. Abin da nake tsoro shi ne mutumin ya gane sunan prednisolone, ƙwayar da ke kwantar masa da ciwo har ya samu barci, ya koma sayenta a kemis yana sha wata da watanni ba mai lura. Ki faɗa masa ƙarara kada ya saya, kada kuma ya daina kwatsam. In ciwon ya yi ta dawowa a ƙara masa clofazimine, amma ki gaya masa sai ya yi wata guda ko fiye kafin ya ga aikinsa, kuma fatarsa za ta ƙara duhu, kada ya tsorata. Ranar da ya zo da gudawa ko tari yana kan prednisolone, ki sa a duba majina da bayan gida a ranar.

In da hali ki saya masa takalmin roba mai taushi, ki rubuta a kaina.

Mahaifiyarki ta ba direba buhun dankali da kabeji, ta ce ki kira ta in sun iso. Ki sanar da ni abin da kika ji a jijiyar gwiwar hannunsa. Allah ya yi miki albarka.

Babanki