Zuwa ga kamfanin da ya sayar mini da batirin mota da sunan na jirgin ruwa

Ranka ya daɗe Manaja, assalamu alaikum.

Amsar da ma'aikacinku ya ba ni ranar 21 ga Agusta, da ƙarfe 11:40 na safe, ita ta sa na kawo maganar nan bainar jama'a. Na yi masa bayani da ladabi, ya katse ni ya ce, "Alhaji, batir batir ne, duk 12V ne, ku masu jirgi ne ba ku iya riƙe kaya ba." Ya kashe waya. Na sake kira har la'asar, ba a ɗauka ba.

Ranar 9 ga Yuni na biya wakilinku N185,000 kuɗin batir mai 100Ah. Na faɗa masa ƙarara cewa na jirgin ruwa nake so, wanda zai tayar da inji kuma ya riƙe famfon kwashe ruwa da fitila. A rasit ya rubuta "na jirgi" da hannunsa, ga hoton anga (ƙarfen da ake jefawa ruwa don tsayar da jirgi) manne a jikin batirin. Ba a yi nisa ba ya fara sanyi, sai an kai shi caji a gari. Na yi ta kira, na tura saƙo, na je shagon, kullum oga ba ya nan.

A farkon Agusta hadari ya riske mu tsakanin Yelwa da Rofiya da buhunan masara da mutane a ciki. Famfo ya tsaya, inji ya ƙi tashi, da robobi muka riƙa kwashe ruwa har wani jirgi ya ja mu. Ku tambayi mutanen Warra abin da ya faru da jirgi ya nutse da mutane a tafkin Kainji a 2021, sannan ku gaya mini ko wannan abin wasa ne.

Bakanike ya ɓare takardar angar, sai ga tambarin batirin mota a ƙarƙashi. Tunda yaronku bai san bambancin ba, bari in gaya masa. Batirin mota farantan dalmarsa sirara ne kuma da yawa, an yi shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi ta ƴan daƙiƙoƙi, sai altaneta ta mayar masa nan take. In aka riƙa zuƙe shi da famfo awa bayan awa, farantan lalacewa suke yi, cajin ba ya ƙara zama. Irin na jirgi da na nema farantansa masu kauri ne, yana jure a sauke shi zuwa rabi a sake cika shi sau da yawa, kuma an ɗaure cikinsa don dukan igiyar ruwa da girgizar inji. Ko a rubutu ana ganewa: na mota CCA yake ɗauke da shi, ƙarfin da aka auna a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, na jirgi kuwa yakan zo da MCA, wanda ake aunawa a sifili. Kan batirin jirgi akwai ƙusa mai zare ta ɗaure waya da noti. Naku babu ko ɗaya.

Ina so ku karɓi kayanku ku ba ni na gaske ko kuɗina, haɗe da N12,000 da na biya bakanike da kuɗin cajin da ban ma lissafa ba. Amma maganar ta wuce ni. Na zagaya bakin ruwa na ga irin takardar angar nan a jirage da dama, duk daga wakilinku. Wa yake buga ta? Wa yake manna ta? Ba na jin yaron shago ne yake wannan shi kaɗai ba da sanin na sama ba. Ku janye batiran nan daga duk garuruwan bakin kogi, ku sanar a rediyo da Hausa.

Batirin da rasit suna wurina. In mako biyu suka cika ban ji daga gare ku ba, zan kai su FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya, da SON, hukumar kula da ingancin kaya, tare da sauran masu jiragen.

Nagode.
Mai jirgi daga Yelwan Yawuri, Jihar Kebbi