Zuwa ga ɗiyata da ke aikin teku a Dakar

Assalamu alaikum. Muna nan lafiya a Birni, sai hazo da ya rufe gari har ba a hango duwatsu.

Na karanta bayanin aikinku har sau uku. Teku na shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da mutane ke fitarwa, shi ya sa ruwansa ke ƙara tsami. Ku kuma kuna so ku zuba masa farar ƙasa ko garin dutse, tsamin ya ragu, ya samu wurin shan wata iskar. Ai wannan aikin kanwa ne, ɗiyata. Kin sha ganina ina jiƙa ungurnu a ƙoƙo, in tsiyaya kaɗan a miyar yakuwa, in ɗanɗana, sannan in ƙara. Ranar da hannunki ya zarce kina 'yar shekara goma sha biyu, miyar ta yi baƙi, muka zubar muka ɗora wata. To, teku fa ba tukunya ba ce da za a zubar a sake.

Saboda haka ki riƙe awo da gaskiya. A 2009 masanan Indiya da Jamus sun zuba sinadarin ƙarfe a kudancin Atlantika don tsirran ruwa su yawaita su sha iskar. Sun tsiro kuwa, amma ƙananan halittu suka cinye su, abin da ya nutse ƙasa bai taka kara ya karya ba. Masanan suka fito suka faɗi haka, kuma nan suka burge ni. Idan naku gwajin bai ba da abin da ake fata ba, ki rubuta yadda ya zo, ko da mai ba da kuɗin zai ɓata rai. Kada ki sa hannu a takardar da ta ce an kwashe iska alhali ba ki auna ba, don da irin takardar nan masu hayaƙi ke samun hujjar ci gaba da ƙona mai.

Masunta kuma, ki je ki zauna da su kafin a zuba komai. Ruwan nan gonarsu ne.

Kawunki ya ce me ya haɗa 'yar Damagaram da teku, mu da ko kogi ba mu da shi. Na ce masa daminarmu daga can take tasowa. Ya manta ruwan 2024 da ya rushe tsohon masallacin Birni? Ni da na tsaya gaban tarin ƙasar nan na yi hawaye. Wannan ƙurar ma da ke shiga mana ido, wadda ke tasowa daga Bodele a Chadi, har Atlantika take kaiwa da ƙarfenta.

Ki sa rigar ceto duk sanda za ki hau jirgi, kin san ba ki iya iyo sosai ba. Zan aiko miki da kilishi da kuka idan na samu mai tafiya. Babanki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah Ya tsare, Ya yi miki albarka.

Innarki