Wasiƙa Daga Bukuru

Zuwa ga aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da dukkan mutanen Kumasi. Mu nan sai godiya. Damina ta zauna sosai, sanyin Jos kuwa yana nan yadda ka bar shi.

Ranar Asabar na fita da ƙafa bayan gari, wajen tsofaffin ramukan kuzan nan da iyayenmu suke hana mu zuwa muna yara. Wallahi Habu, da an rufe maka ido an ajiye ka a wurin, da ƙyar za ka gane shi. Ka tuna tsibin jar ƙasar da muke hangowa tsirara, ko ciyawa ba ta fita a kansu? Yanzu gamba da tofa sun lulluɓe su, itatuwan turare sun yi tsawo har suna ba da inuwa. Ramukan sun cika da ruwa sun zama tafkuna, bado ya shimfiɗu a gefe, balbelu na bin shanun Fulani da suka zo sha. Na ga wani ƙaton ƙarfe, ragowar injin haƙa, ya yi tsatsa ya nutse rabi cikin ƙasa, kurciya ta yi sheƙa a jikinsa.

Na daɗe a tsaye, zuciyata ta kasa natsuwa da kyan wurin. Abin da ya tsaya mini shi ne mutanen da suka haƙa waɗannan ramuka. Tun kafin Turawa su zo, mutanen Liruwe sun iya narka kuza. Amma da kamfanonin Ingila suka shigo a farkon ƙarni na 20, aikin ya zama wani abu dabam. A 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso nan don kwasar kuza, leburori suka yi ta kwararowa daga ƙasar Kano da Katsina da Sakkwato da Barno, barikoki suka tsiro, irin su Barikin Ladi da Bisichi. Kakana da naka duk ta wannan hanya suka zo. Da diga da shebur suke yi, su ɗauki ƙasa a kwano a ka, ƙafa cikin ruwan sanyi tun asuba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, daga 1942 zuwa 1944, dole aka yi wa mutane, aka riƙa ɗibo su daga ƙauyuka. Da yawa ba su da ko bargo, sanyi da cuta suka kashe su, ba su koma gida ba. Berom kuma, masu ƙasar, gonakinsu ne aka tone. Babu allo ko ɗaya a wurin da zai gaya wa yaro mai wucewa wannan labari. Shi dai tafki ya gani.

Yadda aikin ya mutu ka sani: kuzar da ke kusa ta ƙare, kamfanoni suka janye, farashi ya faɗi warwas a 1985.

Abin da ya sanyaya mini rai shi ne 'yan lambu. Ruwan ramukan nan shi suke ja da injin ban ruwa lokacin rani, su noma tumatir da kabeji da karas da latas da dankalin turawa, a loda a mota zuwa kudu. Wani dattijo da na tarar yana gyaran kwari ya gaya mini sai da ya yi shekaru yana zuba taki da toka kafin ƙasar ta karɓi shuka. Sai dai ruwan ba abin wasa ba ne. Bakinsa a tsaye yake, zurfinsa ba ya nunawa, yara da dabbobi suna halaka a ciki. Can gaba kuma na iske mata suna wanke kuza a kwano, samari suna shiga ramukan da suka haƙa da hannu, waɗanda kan rufta da mutane idan ƙasa ta jiƙe. Ciyawa ta rufe sama, amma talauci bai bar wurin ya huta ba.

Ga roƙona. Kawunka Alhaji yana wurinka, kuma shi kaɗai ya rage mana cikin waɗanda suka yi aikin bariki. Don Allah ka zauna da shi, ka ɗauki maganarsa a waya: sunayen barikokin da ya zauna, nawa ake biyansu a mako, su wa suka yi aiki tare, ina aka binne waɗanda suka rasu. Ka turo mini, ni kuma zan bi wuraren da ya ambata in ɗauko maka hotunansu, ka nuna masa.

Ka miƙa masa gaisuwata da girmamawa, ka gaida uwargida da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka, Garba