Mawaƙan Damagaram, a yi rajista kafin a saki waƙa

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da ƙannena mawaƙa.

Sana'ata ɗaukar waƙa, ina da ɗan situdiyo a unguwar Zengou. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gaggawa. Yaro zai tara kuɗi da guminsa, mu yi ta gyaran murya da kiɗa har dare ya raba, amma ina miƙa masa waƙar, kafin ya kai bakin titi ya watsa ta a WhatsApp. Washegari tana tashi a Kasuwar Dole, masu turi na cika memorin jama'a suna karɓar 'yan dalolinsu. Wata yarinya da na ɗaukar wa waƙar biki sai jin muryarta ta yi a tallar wani ɗan kasuwa, an datse baitin da ta ambaci sunanta. Da ta je, cewa ya yi ina shaidarki? Da hawaye ta dawo wurina.

Doka kuwa tana bayanta. Nijar na cikin yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ta ce haƙƙin mallaka yana tabbata ne tun ranar da ka ƙirƙiri abu, ko ba takarda. Muna kuma da dokarmu ta haƙƙin mallaka ta 2010. Sai dai gaban alƙali hujja ake nema, shi ya sa nake cewa a kai aiki BNDA, hukumar haƙƙin mallaka mai hedikwata a Yamai, a rubuta shi da sunanka da kwanan wata. Ita ce kuma ke karɓo wa mambobinta kuɗi daga masu amfani da waƙoƙinsu. Dukawanmu masu sabon zanen jaka su ma suna da OAPI, hukumar haɗin gwiwar ƙasashen Afirka da ke Yawunde, mai rajistar zane.

Tun a situdiyo ma a rubuta wa ya yi baiti, wa ya yi kiɗa, kowa ya sa hannu. Na ga aminai sun daina gaisawa kan wannan.

Roƙona gare ku, Malam Edita, ku tura wakilinku hukumar BNDA ya kawo mana bayanin takardun da ake buƙata da kuɗin rajista, ku buga da Hausa. Yawancin yaran nan Faransancin takarda ne ke korarsu.

Naku,
Wani mai situdiyo, Zengou, Zinder