Wasiƙa Zuwa Ga Habibu Kan Kalmar da Turawa Ke Kiran Nahiya

Assalamu alaikum Habibu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Maman Ummi da yara. Yaya aiki, yaya kuma sanyin Ingila? Mu nan Zariya sai godiya.

Na ga tambayarka. Ka ce abokan aikinka kan ce za su tafi hutu "the Continent", alhali Faransa ko Sifen kawai suke nufi, sai ka ce Ingila ba a Turai take ba. To, ba raini ne kaɗai ba. Tsohuwar ma'anar kalmar ce ta saura a bakinsu.

Daga harshen Latin ta fito. Suna cewa terra continens, wato ƙasar da ke haɗe, wadda ruwa bai ratsa ya raba ta ba. Tushenta continere ne, riƙe abu wuri guda. A ƙarni na 16 mutanen Ingila suka fara cewa "continent land", daga baya suka yar da rabin na biyu. Ka ga ba girman ƙasa ake nufi ba tun farko, haɗuwarta ake nufi. Mutumin da ke zaune a tsibiri kamar ɗan Ingila, duk babban tudun da ke tsallaken ruwa shi ne "continent" a wurinsa. Tsakanin garin Dover na Ingila da gaɓar Faransa bai kai kilomita 35 ba, amma wannan ɗan ruwan ya isa ya sa Bature ɗan Ingila ya ɗauki kansa a gefe, sauran Turawa kuma a can.

Kai da kake aikin jinya ka ma san 'yar'uwar kalmar fiye da ni. Idan tsoho ya kasa riƙe fitsari kukan rubuta "incontinence" a takardarsa. Tushen ɗaya ne. A da, in aka ce mutum "continent" ne, ana nufin mai kamun kai, wanda ya iya riƙe sha'awarsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. A 1752 wani mai zana taswira a Ingila, Emanuel Bowen, ya bayyana cewa Turai da Asiya da Afirka duk nahiya ɗaya ce babba, Amurka kuma ɗaya. In aka bi ma'anar kalmar, gaskiya ya faɗa. Ranar nan na kira wata ɗalibata gaban allo, na ce ta ɗora yatsa a kan Kano ta bi tudu kawai. Ta bi ta Chadi, ta shiga Sudan, ta haura Masar, ta ratsa Sina'i, ta kewaya ta Rasha har ta dire a Faris. Sai ta ɗago kai ta ce, "Malam, to ina iyakar?" Teku bai tare ta ko'ina ba. Mashigin Suez ma mutane ne suka haƙa, a 1869 aka buɗe shi.

To, daga ina rabon ya fito? Daga matuƙan jiragen ruwan Girka ne. Su a tekunsu na Aegean, gaɓar yamma Turai ce, ta gabas Asiya, ƙasar da ke kudu kuma suka kira ta Libya. Sunayen gaɓoɓi ne, sannu a hankali suka bazu cikin ƙasa. Tun a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) Herodotus, masanin tarihi ɗan Girka, ya yi mamakin yadda aka ba ƙasa ɗaya sunaye uku. Wasu a lokacin kogin Nilu suka ɗauka iyakar Asiya da Libya, abin da ke raba Masar gida biyu, shi kuwa bai gamsu da haka ba. Sunan Afirka kansa na wani lardi ne da Rumawa suka kafa a inda Tunisiya take yau, bayan sun rushe birnin Carthage a shekara ta 146 kafin Miladiyya, shi ne Larabawa suka kira Ifriƙiya.

Iyakar Turai da Asiya ta fi kowacce rauni. Duwatsun Ural da muke koya wa yara, wani hafsan sojan Suwidin ne, Strahlenberg, wanda ya yi zaman fursunan yaƙi a Siberiya, ya kawo shawarar a 1730. A ganina Turai ta samu matsayin nahiya ne don mutanenta ne suka riƙe alƙalami. Faɗinta kusan murabba'in kilomita miliyan 10 ne, Afirka kuwa miliyan 30. Ga Indiya can, duwatsun Himalaya sun katange ta fiye da yadda Ural ta katange Turai, amma aka ce ita ƙaramar nahiya ce a cikin Asiya. Wannan yana damuna, domin yaranmu suna haddacewa kamar haka Allah ya tsaga ƙasar.

Ko adadin ma ba a daidaita ba. Mu da muka gaji tsarin Ingilishi bakwai muke cewa. A yawancin ƙasashen Latin Amurka shida ake koyarwa, don Amurka ta Kudu da ta Arewa ɗaya ce a wurinsu. Zobba biyar na tutar wasannin Olamfik kuma nahiyoyin da mutane ke zaune ne a lissafin masu shirya wasannin.

Tamu kalmar, nahiya, daga Larabci muka aro, inda take nufin gefe ko yanki, su Larabawan kuwa ƙarra suke cewa. Shi ya sa har yau tsoho zai ce maka "a nahiyarmu ba a yin haka", yana nufin garinsu da kewaye.

Ɗalibaina dai ina sa su rubuta bakwai a jarabawa, amma sai na tabbatar kowa ya bi taswira da yatsarsa tukuna. Don Allah ka tambayi Ummi nawa ake koya musu a makarantarsu, in kuma ka ci karo da taswirar duniya ta bango mai kyau, ka aiko mini da ita ta hannun mai zuwa, tamu ta ajin ta yage ta wajen Asiya.

Ka gaishe mini da Maman Ummi. Hajiya tana gaishe ku, tana kuma tambayar ko za ku zo babbar Sallah.

Naka har kullum,
Lawal