Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Kogi da Magudanan da ke Kwarara Cikinsa

'Yan uwa mambobi, kwamitin gudanarwa na gaishe ku. Ga abin da aka yi a shekarar da ta ƙare.

Aikin gayya na kwashe shara a bakin kogi ya gudana kamar kullum, mafi girmansa a Ranar Ruwa ta Duniya, 22 ga Maris. Leda da robobi ne suka fi yawa. Wanda duk ya fito da shebur da manjagara, mun gode.

Amma bana gwajin ruwa muka fi mayar da hankali a kai, domin abin da ke kashe kifi narkewa yake yi a ruwa, ido ba ya ganinsa. Masu aikin sa kai sun riƙa ɗebo ruwa kafin bakin kowace babbar magudana da kuma bayanta, a gwada, a kwatanta. Kifi kan fara wahala idan iskar oksijin ta gaza miligiram 5 a kowace lita. A ƙasan mahauta, inda jini da kashin dabbobi ke shiga, ƙwayoyin bakteriya ke cinye iskar wajen ruɓar da su. Da sassafe za ka tarar da kifi sun taso sama suna haki. Ruwan saman farko bayan rani kuwa ya fi kowanne muni: baƙin man da aka tsiyayar a ƙasa da dattin da ya daskare a kwatami duk yakan wanko su lokaci guda, kogi ya yi baƙi ƙirin, mai na sheƙi a kansa.

Da makanikai an samu fahimtar juna. Da yawansu sun yarda su riƙa tara baƙin mai a duro, tunda ma akwai masu saye. Masu mahauta sun saurare mu, aiki ne dai ba mu gani ba tukuna.

Batun majemun fata na nan yadda yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kiromiyam, sinadarin da majemu ke jeme fata da shi wanda kan biyo ruwan da suke zubarwa, a ruwan sha da miligiram 0.05 a lita, kayan gwajinmu kuma ba sa iya auna shi, sai an kai ɗakin gwaje-gwaje. Mun rubuta wa hukumar gwamnati kan batun majemun, har yau shiru. A ganin kwamiti, takardar da babu sakamakon gwaji a bayanta ba ta tayar da kowa daga kujera.

Saboda haka kwamiti na roƙon babban taro ya amince a ware kaso mafi tsoka na kuɗin ƙungiya na baɗi domin wannan gwaji. Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji kafin ranar taro.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa