Amsa ga ɗalibin da ya tambaye ni game da Caleb Cushing

Assalamu alaikum, ɗana.

A taron ɗaliban lauya ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni: Caleb Cushing na Amurka gwani ne, ko kuwa hawainiya ce kawai? Lokaci bai bari na amsa maka a wurin ba, to ga amsar.

Gwanintarsa dai babu ja. Ya gama jami'ar Harvard a 1817 yana ɗan shekara 17, ya wakilci Massachusetts a majalisar wakilai daga 1835 zuwa 1843, ya hau kujerar alƙali a babbar kotun jihar a 1852, ba a jima ba Shugaba Franklin Pierce ya naɗa shi antoni janar.

In kana son ganin kaifin alƙalaminsa, dubi abin da ya yi wa ƙasar Sin. Ya sauka Macau a 1844 a matsayin wakilin gwamnatin Amurka, ya kafe sai ya wuce Beijing ya ga sarki ido da ido, abin da fadar ba ta so ko kaɗan. Dole ta turo masa wakilin sarki, Qiying. Ranar 3 ga Yuli, cikin wani ɗakin ibada a ƙauyen Wangxia, suka sa hannu a kan yarjejeniya. Tashoshin ruwa biyar da Ingila ta buɗe da bakin bindiga a 1842, shi ya samo wa 'yan kasuwar ƙasarsa ba tare da harba harsashi ba. Ya kuma cusa sharaɗin cewa Ba'amurken da ya yi laifi a Sin, alƙalin Sin ba shi da hurumi a kansa, sai ƙaramin jakadan Amurka. Ka lura, lauya ne ya zauna ya rubuta hanyar kauce wa kotun masu gida. Sai a 1943 Amurka ta janye wannan gata.

Batun sauya launi kuwa, ya yi. Ya baro jam'iyyar Whig ya bi Shugaba Tyler, majalisar dattawa ta rama ta hanyar ƙin amincewa da shi a matsayin ministan kuɗi har sau uku a rana guda. Daga baya ya koma Democrat. Ni dai sauya jam'iyya bai dame ni ba, 'yan siyasa sun saba. Abin da na riƙe shi da shi shi ne yadda ya daɗe yana adawa da masu fafutukar haramta bauta, yana kare manyan jihohin Kudu masu riƙe da bayi. A nan launinsa bai cika sauyawa ba, kuma nan ne ya ci shi.

Bayan ya taimaka Amurka ta ci diyyar dala miliyan 15.5 daga Ingila a zaman sulhu na Geneva a 1872, kan ɓarnar da jiragen ruwan da aka ƙera a Ingila suka yi mata lokacin yaƙin basasa, Shugaba Grant ya ba da sunansa a 1874 don ya zama babban jojin ƙasa. Sai aka tono wata wasiƙa da ya rubuta wa Jefferson Davis, shugaban 'yan awaren Kudu, a watan Maris na 1861, yana nema wa wani mutum alfarma. Cikin 'yan kwanaki aka janye sunan. Ya tafi Sifaniya jakada har 1877, ya rasu a 1879.

Allah ya yi maka albarka.

Malaminka